Mako biyar a kujerar gwamna, da abin da tarihin zaɓen ɗan majalisar jiha yake ɓoyewa

A ranar Juma'a, 24 ga Fabrairu, 2012, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya sauke Sa'idu Usman Nasamu Dakingari daga kujerar gwamnan Jihar Kebbi. Abin da ya kayar da shi lissafin kwanaki ne. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta riga ta soke zaɓen watan Afrilu na 2011, ta ce a sake. Kotun ɗaukaka ƙara ta warware wannan hukunci, amma sai ta jinkirta bayyana dalilanta har kwanaki 60 ɗin da tsarin mulki ya ba ta suka wuce. Kotun Ƙoli ta ce hukuncin da aka kammala a bayan wa'adi ba hukunci ba ne, don haka na kotun farko ya dawo da ransa. Da yake gwamna da mataimakinsa takara ɗaya suka yi, tare suka sauka. Mulkin jihar ya faɗo a hannun kakakin majalisar dokoki, Aminu Musa Habib Jega, ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Jega.

Kimanin mako biyar ya yi yana riƙon jihar. A ranar 31 ga Maris aka sake zaɓe, Dakingari ya ci, gwamnan riƙo ya miƙa masa mulki ya koma zauren majalisa. Abin sha'awa a wancan lokaci shi ne garin Jega ne ya ba da mai riƙon jihar, shi ne kuma ya ba da shugaban hukumar da ta gudanar da zaɓen, Farfesa Attahiru Jega. Ba a cika shekara uku ba, a watan Nuwamba na 2014, ana dab da zaɓen fid da gwani, abokan aikinsa suka tsige shi daga kujerar kakaki suka ɗora Hassan Shalla. Bayan shekara bakwai sai abin ya faɗa wa maƙwabciyar Jega. A watan Agusta na 2021 majalisar ta tsige kakakinta, Abdulmumin Isma'ila Kamba, tare da mataimakinsa Muhammad Buhari Aliero, mai wakiltar Aliero, aka ba Muhammad Abubakar Lolo shugabanci.

Na kawo waɗannan ne saboda yadda muke ba da tarihin ɗan majalisar jiha. A jikin fosta, ko a bakin mai gabatarwa a wurin taro, tarihin ba ya wuce layi uku: shekarar da ya fara tsayawa, sau nawa ya ci, wane muƙami ya riƙe a majalisa. Wanda ya ci sau uku a ce jama'a sun gamsu da shi, wanda ya faɗi a ce sun juya masa baya. A ganina wannan lissafi ba ya auna abin da muke zaton yana aunawa. A Kebbi, kamar a yawancin jihohinmu, abin da ya fi nunawa shi ne gefen da mutum ya tsaya a tsakanin manya a shekarar zaɓe. Manomin Karaye ta ƙasar Maiyama (ba Ƙarayen Kano ba) ya dangwala yatsa, gaskiya ne, amma a duk matakan da suka ɗaga wakilin yankinsa ko suka sauke shi, nasa matakin ne mafi ƙanƙanta.

A fara da ranar zaɓen kanta. Zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yin sa da na gwamna: 11 ga Afrilu a 2015, 9 ga Maris a 2019, 18 ga Maris a 2023. Mai zaɓe yana karɓar takarda biyu, hankalinsa na kan ta farko, kuma babu sunan ɗan takara a kan ko ɗaya, sai alamar jam'iyya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi ya san kalmar da masu jan ra'ayi ke raɗa wa mutane, wato a yi "sak". Shi ya sa launin majalisar Kebbi yake bin launin gidan gwamnati sau da ƙafa. Daga 1999 jihar tana hannun APP, wadda ta koma ANPP, ƙarƙashin Muhammad Adamu Aliero. A 2007 Aliero ya sauya sheƙa zuwa PDP, jihar ta bi shi. A 2015 guguwar Buhari ta kawo Atiku Bagudu da APC. Ɗan majalisar da ya tsallake waɗannan sauye-sauye yana kan kujerarsa ya nuna gwanintar karanta iska, kuma gwaninta ce ta gaske a siyasa. Sai dai ita daban, iya wakilci daban.

Kada a ɗauka ina cewa mai zaɓen Kebbi ba ya bambancewa. Zaɓen 2023 ya ƙaryata hakan. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, kuma a ranar 25 ga Fabrairu mutanen wannan mazaɓa suka zaɓi Adamu Aliero a PDP, suka kayar da gwamna mai ci, Bagudu, wanda shi ne ya kayar da Alieron a takarar wannan kujera a 2011. PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar. Bayan mako uku mutanen nan dai suka fito zaɓen jiha, aka kai ruwa rana har sai da aka je zagaye na cike giɓi a watan Afrilu kafin Nasir Idris na APC ya zama gwamna, jam'iyyarsa kuma ta samu rinjaye a majalisa. Wato inda mai zaɓe ya san mutanen da ke takara, ya kuma san abin da ke tsakaninsu, yana yanke hukuncinsa da kansa. Matsalar kujerar majalisar jiha ita ce ba a ba shi abin da zai yi hukunci da shi ba. (Sanatocin nan uku, a watan Mayu na 2025, duk suka koma APC, ba tare da an sake tambayar waɗanda suka zaɓe su ba. Wannan wani zance ne na daban.)

Kafin ranar zaɓe ma an riga an gama rabin aikin. A zaɓen fid da gwani na 2022, dokar zaɓe ta taƙaita masu jefa ƙuri'a ga daliget ɗin da aka zaɓa musamman domin wannan aiki. APC ta ware biyar daga kowace gunduma, PDP uku. Ƙaramar hukuma mai gunduma goma ko goma sha ɗaya ke nan mutum hamsin da 'yan kai ne za su fitar da ɗan takarar APC, talatin da 'yan kai na PDP. Wanda ya rubuta sunayen mutanen nan shi ya zaɓi ɗan majalisa, kuma kowa a gari ya san ba a Karaye ake rubuta su ba. Inda aka ce an yi sulhu kuwa, ko wannan ƙidayar ba a yi. Saboda haka idan ɗan majalisa ya yi zango ɗaya bai koma ba, sau da yawa bai ma kai gaban jama'a ba balle su ƙi shi. Sunansa ne ya faɗi a wani falo a Birnin Kebbi ko Abuja.

Da kujerar ba ta da nauyi, da sai a ce a bar su su raba abinsu. To amma tana da shi, fiye da yadda yawancinmu masu bin labaran Abuja muke tunawa. Tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su ninka na wakilan tarayya na jihar sau uku ko huɗu, kada su gaza 24 kada su wuce 40. Kebbi tana da wakilan tarayya takwas, don haka majalisarta mutum 24 ce, mafi ƙanƙantar da doka ta yarda. Jega kujera ɗaya, Aliero ɗaya, Maiyama ɗaya. Mutanen nan 24 su ne sashe na 120 da na 121 suka ce ba a taɓa ko kwabo daga asusun jiha sai da yardarsu, a jihar da kasafin kuɗinta na 2025 ya haura naira biliyan 500. Su ke tantance kwamishinoni. Sashe na 128 da na 129 sun ba su ikon kiran duk wani jami'i ya zo ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗi, har da ikon sa a kamo shi in ya ƙi zuwa. Gabansu babban mai binciken kuɗi na jiha yake kai rahotonsa. Babu gyaran tsarin mulkin Najeriya da zai tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

Wanda ya fi shafar mutumin Karaye shi ne batun ƙananan hukumomi. Sashe na 7 ya ɗora wa majalisar jiha yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka shafe shekaru ana kuka da shi, dokar majalisar jiha ce ke faɗin yadda za a raba abin da ke cikinsa. Makarantar firamare da rufinta ya yaye, ɗakin shan magani da ba ma'aikaci, hanyar da za ta fitar da albasa da shinkafa daga fadama zuwa kasuwar Jega ko ta Aliero, duk ƙarshensu yana komawa ga kuɗin ƙaramar hukuma da kasafin jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta murna. Amma ko hukuncin zai yi aiki ko za a zagaye shi, a zauren majalisun jihohi ake yanke wannan, domin da dokar jiha ake iya tilasta wa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso zuwa wani asusu da aka sauya wa suna. Sanata ba shi da ƙuri'a a nan. Ɗan majalisar Maiyama yana da ita.

To wa yake tsoro idan ya zo jefa ta? A nan ne labarin tsige-tsigen da na fara da shi yake da amfani. Sashe na 92 ya ce kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun isa su cire kakaki. A Kebbi mutum 16 ke nan, kuma ana iya gama aikin kafin azahar, ba kwamitin bincike, ba kotu. Idan kuwa jama'ar mazaɓa ne ke son cire wakilinsu, sashe na 110 ya ce sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance hannayen, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A zaɓen da sau da yawa ko rabin masu rajista ba sa fitowa, wannan ƙofa ce da aka zana a jikin bango. Tun 1999 babu ɗan majalisar da kiranye ya raba da kujerarsa. Yunƙurin da ya fi yin suna, na Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, a matakin tantancewa ya mutu. Mai hankali yana duba inda bulala take fitowa. Ba na cewa kowace tsigewa daga gidan gwamnati aka aiko ta, domin 'yan majalisa suna da nasu rigingimun na rabon kwamitoci da alawus da motoci. Amma yana da wuya a nuna kakakin da gwamna ke so da gaske wanda mutum 16 suka iya taruwa a kansa.

Sai kuma kuɗin majalisar kanta. A gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo wa majalisun jihohi tayin 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, aka kasa samun 24 da za su amince. Bawa aka miƙa wa takardar 'yanci ya ce bari ya tambayi ubangidansa. An sake kawowa, ya wuce, aka sa hannu a 2018, gwamnoni suka yi biris. Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a watan Mayu na 2020 don tilasta su, ma'aikatan majalisu suka yi dogon yajin aiki a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a watan Fabrairu na 2022, sannan aka sake wani gyaran a watan Maris na 2023. Majalisar da sai gwamna ya sa hannu take sayen man janareta, a ce ita za ta binciki gwamnan, an haɗa kura da aikin kiwo ta bayan gida. Wanda yake son ganin saurin da irin wannan majalisa ke yi in an buƙace ta, ya dubi Kano: a watan Mayu na 2019 cikin 'yan kwanaki aka yi dokar da ta raba masarautar, a watan Mayu na 2024 wata majalisar ta rushe ta, gwamna ya sa hannu a ranar.

Akwai abu biyu da za a iya faɗa mini, kuma duka suna da ƙarfi. Na farko, majalisa mai tsayawa da ƙafarta ba lallai ta zama alheri ba. Majalisar tsohuwar Jihar Kaduna da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa tun daga farko, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981, kuma har yau mutane da yawa ba su yarda don talaka aka yi hakan ba. A Adamawa, Ahmadu Umaru Fintiri yana kakaki aka tsige Murtala Nyako a 2014, ya yi riƙo, daga baya ya ci gwamna a 2019. Ana iya karanta wannan a matsayin jarumtar majalisa, ana kuma iya karanta shi a matsayin tsani. Na yarda. Amma ni ba tsige gwamna nake nema ba. Tsakanin tsigewa da amshin Shata akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa aikin yake: a tambayi kwamishina me ya sa aikin da aka ware wa kuɗi bara ya sake fitowa a kasafin bana.

Na biyu ya fi wuyar amsawa. Za a ce mutumin ƙauye bai aiki wakilinsa yin doka ba. Abin da yake so shi ne in matarsa na naƙuda a samu mota, in ɗansa ya samu gurbi a jami'ar Aliero a taimaka da kuɗin rajista, in damina ta zo a samu buhun taki, in an yi rasuwa a gan shi a zaman makoki. Mu da ke zaune a ofis muna saurin kiran wannan jahilci, alhali lissafi ne mai kyau. Inda hukuma ba ta zuwa, mutumin da kake da lambar wayarsa shi ne hukuma, kuma hannu mai miya ake lasa. Ɗan majalisar da ke ɗaukar wannan nauyi yana yin wani abu na gaske, ban raina shi ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne inda kuɗin ke fitowa. Albashi da alawus ba sa ɗaukar bukatun ƙaramar hukuma guda. Wanda zai ci gaba da rabo sai ya samu kwangila, ko gurbin ɗaukar aiki, ko aikin mazaɓa, kuma duk waɗannan a hannun ɓangaren zartarwa suke. Kowane buhun taki da ya raba ƙarin dalili ne na yin shiru ranar da kasafin ma'aikatar gona ya zo gabansa. Mutumin Karaye ya karɓi buhu ɗaya, ya biya da tambayar da ba a yi ba a kan dubbai.

Saboda haka tarihin da ya kamata a riƙa bayarwa na ɗan majalisar jiha wani ne daban. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba da uzuri ba ya rasa kujerarsa. Kwana nawa majalisar ta zauna, nawa ya halarta? Wane kwamiti yake, sau nawa kwamitin ya fita duba aiki, ina rahoton? Da aka kawo dokar ƙananan hukumomi, ko buƙatar ciyo bashi, me ya ce? A nan za a ci karo da wata al'ada da ke kare kowa: kusan komai da murya ake yanke shi. Kakaki ya tambayi masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa ba. A majalisar Ingila ko ta Amurka mutum yana iya buɗe intanet ya ga yadda wakilinsa ya jefa ƙuri'a a kan muhimman dokoki shekara da shekaru. Namu dokokin zaman majalisa ma sun yarda a nemi a ƙidaya, ba a dai nema ne, domin ƙidaya tana barin shaida.

Wannan aiki ba na manomi ba ne, namu ne, mu da muka iya karanta jadawalin kasafi. Jega da Aliero da Maiyama ba su rasa lauyoyi da akantoci da malaman jami'a ba, kuma kowane gari yana da ƙungiyar ci gabansa da zaurenta na WhatsApp, inda ake kwana ana gardamar shugaban ƙasa. Kayan aikin ma sun fi na da samuwa. Tun da Bankin Duniya ya ɗaura tallafinsa ga jihohi da sharaɗin bayyana kasafi, daga 2018, jihohi suka fara saka kasafinsu da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku a shafukansu. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi, abin da gwamnatocin jihohi da dama suka daɗe suna musantawa. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ci gaban Maiyama tana iya rubuta wa akawun majalisa takarda mai shafi ɗaya ta nemi rajistar halartar zama da rahotannin kwamitin da wakilinta yake ciki, ta ciro layukan da suka ambaci Maiyama a kasafin shekara huɗu, ta aika matasa biyu a kan babur su dubo ko ayyukan suna ƙasa. In akawu ya amsa, an samu abin karanta wa jama'a da Hausa a rediyo kafin zaɓen fid da gwani. In bai amsa ba, dokar ta ba wanda ya nema kwana 30 ya kai ƙara kotu.